Rabon Dabbar da ke Jikin Kwali

Duk wanda ya ratsa kasuwar Birnin Ƙonni ran Laraba, ya bi ta rumfunan 'yan tireda da na masu ganyen shayi, ya gangara wajen masu tufafi, in dai ya kasance mai lura ne, lalle zai tarar da wani abin mamaki wanda sabo ya hana mutane gani, wato namun dajin nan da suka ƙaurace wa dazuzzukanmu tun zamanin kakanni duk sun hallara a kasuwa, sai dai a jikin kwali da gwangwani da buhu suke. Ga batir mai kan damisa, ga garin sabulu mai giwa, ga tsohuwar motar Peugeot da zakinta a goshi tana jiran lodin Illela. Hatta kuɗin da ake cinikin da su ba su kuɓuta ba, gama takardar dala ɗari dorina ce a bayanta, ta jika biyar kuwa wasu dangin barewa ne. Samari kuma suna zaɓen rigunan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, alhali ita menar ta gaskiya, wato dabbar nan mai dogon wuya da jan baya da farin ciki wadda aka ari sunanta, ragowarta a dajin Allah duk duniya ba ta kai ɗari uku ba, a warwatse tsakanin duwatsun Termit da na Azbin da wasu sassa na Cadi.

Mas'alar da ke nan ita ce, shin dabbar da ake cin kasuwa da kwarjininta ba ta da wani rabo a cikin cinikin? Wannan tambaya ba sabuwa ba ce a duniya. Shekaru wajen casa'in ke nan mutanen wasu ƙasashe suna jarraba amsoshinta, wasu sun dace, wasu sun yi wa kansu talla kurum suka kira shi alheri, kuma ya kamata mutumin Ƙonni da na Malbaza da na Illela ya san yadda ake bambance wannan da wancan.

Mafarin al'amarin, gwargwadon yadda ya shahara, a Amurka ne, sa'ad da fari da kwashe ruwan fadamu domin noma suka kusa ƙarar da agwagin ruwa a can. A shekarar 1934 hukuma ta kafa doka cewa duk maharbin da ya kai shekara goma sha shida, in yana son harbin tsuntsayen ruwa, wajibi ne ya sayi wani kan sarki mai hoton agwagwa ya manna a takardar izininsa. Dala ɗaya ta Amurka aka sa masa a farko, yau kuwa ya kai 25, kuma cikin kowane ɗari na kuɗin, casa'in da takwas ana sayen fadamu da tafkuna ne da su, ko a yi hayarsu, a kare su. Abin da aka tara ta wannan hanya ya haura dalar Amurka biliyan ɗaya, har ya zama mutanen da ba su taɓa riƙe bindiga ba suna sayen kan sarkin don son tsuntsaye kawai. Abin lura a nan shi ne an faɗi kason tun farko, an faɗi abin da za a yi da shi, kuma kowa na iya zuwa ya ga fadamar da idonsa.

Bayan wannan, a 1961, aka kafa asusun nan na kula da namun daji na duniya, WWF, a ƙasar Suwizalan, wanda ya ɗauki hoton panda, wata dabba ce mai fari da baƙi ta ƙasar Sin, ya mai da shi tambarinsa. Peter Scott, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa asusun, shi ya zana tambarin, kuma daga cikin dalilan zaɓen dabbar har da cewa hoto mai fari da baƙi ba shi da tsadar bugawa, abin da ke nuna mutanen sun san hisabi tun daga ranar farko. Sannu a hankali sai tambarin kansa ya zama haja: kamfani ya biya asusun, a ba shi izini ya buga pandar a jikin riga ko kofi ko littafin makaranta, mai saye kuma ya ji a ransa ya yi taimako. Ƙasarmu ma ta shiga wannan sahu, domin a 1985 gidan wayan Nijar ya fitar da kan sarki huɗu masu ɗauke da tambarin WWF, biyu da hoton mariri, biyu da hoton adaks, farar dabbar rairayi mai murɗaɗɗun ƙahoni, masu tara kan sarki a Turai suka saya, wani kaso ya shiga asusun. Shi ne kuma asusun da ya taimaki gwamnati, tare da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wajen shata gandun Azbin da Tenere a 1988.

Amma fa kada a ɗauka hoto yana rayar da dabba. Shekara goma sha biyar bayan fitar wannan kan sarki, a 2000, aka yi shelar cewa mariri ya ƙare ƙaf a dajin duniya, bai saura ba sai a gidajen ajiye namun daji da killatattun gandaye. Sai a 2016 aka fara mai da shi daji a ƙasar Cadi, daga garken da aka tara a Abu Dabi. Adaks kuwa, wani bincike da aka yi a yankin Termit a 2016 guda uku rak ya gano.

A zamaninmu wannan sana'a ta bunƙasa, har ta zama tana da fuskoki da yawa. Kamfanin Lacoste na Faransa, wanda kowa ya san rigunansa da ɗan kadan nan a ƙirji, ya cire kadan a 2018 ya sa hotunan dabbobi goma da ke bakin ƙarewa, ya ɗinka wa kowace dabba riguna daidai adadin da aka ƙiyasta ya rage mata a duniya: wata dabbar teku ta Meksiko riga talatin kacal, jimilla duka 1,775. Dabara ce mai ratsa zuciya, kuma nan da nan rigunan suka ƙare, aka miƙa wa IUCN wani abu daga kuɗin. Sai dai in mutum ya zauna ya buga lissafi, riga 1,775 a kan yuro 150 ba su wuce sefa miliyan 175 ba, a wajen kamfanin da cinikinsa na shekara ya haura yuro biliyan ɗaya nesa ba kusa ba, ga kuma jaridun duniya sun yi masa talla kyauta wadda da kuɗi zai saye ta da ta fi abin da ya bayar. Ban ce sun yi laifi ba, domin alheri ko ƙanƙane ne sunansa alheri. Abin da nake cewa shi ne a irin wannan ciniki galibi mai bayarwa ya fi wanda aka bai wa samun fa'ida.

Inda wayon ya fi ɓoyewa shi ne a lafazin alkawarin. Wani kamfani zai rubuta a kwali cewa yana ba da kashi goma cikin ɗari na ribarsa, kamar yadda masu cakulan ɗin Endangered Species na Amurka suke yi. Wani kuma ya ce kashi ɗaya cikin ɗari na cinikinsa, kamar kamfanonin da suka shiga ƙawancen 1% for the Planet wanda Yvon Chouinard da Craig Mathews suka kafa a 2002. Wanda bai saba da tijara ba zai ce ai goma ta fi ɗaya. To, a ƙaddara wani ɗan kasuwa ya yi cinikin sefa miliyan ɗaya, bayan ya fitar da uwar kuɗi da hayar rumfa da ladan yara da kuɗin dako ya sami ribar jika hamsin. Kashi goma na ribar jika biyar ke nan, kashi ɗaya na cinikin kuwa jika goma ne. Daɗin daɗawa, riba aba ce da mai littafi ke iya ƙanƙantawa da alƙalami, ya ƙara wa kansa albashi, ya ce bana ba a sami kome ba, amma ciniki ba ya ɓoyuwa haka. Mafi munin duka shi ne wanda zai rubuta cewa wani ɓangare na kuɗin zai tafi ga kare namun daji, bai faɗi nawa ba, bai faɗi wa za a bai wa ba.

Malamanmu na fiƙihu ba za su sha wahalar gane wannan ba, ko da yake a littattafansu ba a ambaci cakulan ba. Wanda ya ƙara wa hajarsa kuɗi da hujjar cewa ƙarin sadaka ce, ya zama wakili a kan dukiyar mai saye, abin da ya karɓa amana ce a hannunsa. In ya ɓoye adadin ya shigar da jahilci cikin ciniki, in kuwa ya cinye ya haɗa algus da cin amana, kuma hana irin wannan shi ne aikin muhtasibi a kasuwannin Musulmi na da. Ba zakka ba ce, gama an ƙayyade masu cin zakka kashi takwas, dabba ba ta cikinsu. Babin sadaka ne da wakafi, kuma ingantattun hadisai sun tabbatar da lada ga wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da azaba ga wadda ta tsare kyanwa har ta mutu. Keɓe daji ma yana da asali, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina don maslahar jama'a, Sayyidina Umar kuma ya keɓe ta Rabaza, kuma Risalar Ibn Abi Zaid da kowane almajirin zaure ya karanta ta karhanta farauta don wasa. Saboda haka wanda ya ce kula da namun daji bidi'ar Nasara ce bai yi wa karatunsa adalci ba.

Misalin da ya fi kusa da mu, wanda kuma ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne na raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita sittin gabas da Yamai. Irin nan nasu mai hasken fata a da ya bazu tun daga Sanagal har tafkin Cadi, amma farauta da fari da sarar daji suka tattake shi, har a 1996 aka ƙidaya guda 49 kacal, su ke nan a duniya. Ba a gandu suke ba, a cikin gonakin mutane suke, suna cin ganyen gawo da rani, da kaka kuma su faɗa wa waken manomi, su miƙa wuya su tsinke mangwaronsa. Manomin da raƙumin dawa ya cinye wa wake ba ya bukatar wa'azi a kan kyawun halitta, abin da yake bukata shi ne ya ga dabbar ta jawo masa wani abu da ya fi waken. Da wannan fahimta ƙungiyar kare raƙuman dawa ta Nijar, ASGN, ta yi aiki, da taimakon gidan namun daji na Doué-la-Fontaine da ke Faransa tun 2001, inda ake ɗiba daga abin da masu zuwa kallo suka kashe a aiko: aka haƙa rijiyoyi, aka ba mata rancen jari, aka taimaka wa lambuna, 'yan rakiya kuma suka sami abin yi wajen kai baƙi kallo. Hukuma ta tsananta doka, mutane suka ga amfani, garken ya hayayyafa har ya haura 600, ta kai ga a watan Nuwamban 2018 aka ɗebi takwas a manyan motoci aka kai su gandun Gadabeji a ƙasar Dakwaro, tafiyar kilomita wajen 800, inda irinsu ya ɓace tun kusan shekara hamsin.

Sa'an nan sai ga musibar 9 ga Agustan 2020, ranar da 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a dajin Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan ƙasa biyu, direba da ɗan rakiya. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin 'yan rakiya ya yanke. Wanda ya hau dokin aro dole ya sauka inda mai doki ya ce, kuma haka al'amarin yake ga duk aikin da aka gina a kan aljihun baƙo mai yawon buɗe ido. Rufe iyakoki da janye taimakon ƙasashen waje bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda mutanen Ƙonni suka ɗanɗana fiye da kowa sa'ad da aka datse hanyar Illela ta Nijeriya, ya sake nuna haka.

Shi ya sa, a ganina, tafarkin da ya fi dacewa da ƙasa irin tamu shi ne wanda hajar da kanta take fitowa daga hannun maƙwabcin dabbar. A kwarin Luwangwa na ƙasar Zambiya, wani kamfani da ake kira COMACO, wanda Dale Lewis ya kafa a 2003, yana sayen gyaɗa da shinkafa da zuma daga manoma a farashin da ya ɗara na kasuwa, bisa sharaɗin su bar ɗana tarko, maharba su miƙa bindigoginsu, a koya musu noma da kiwon zuma. Sai ya sarrafa kayan ya sayar a kantunan birane da sunan It's Wild. A Mongoliya kuma matan makiyaya suna saƙa kaya da gashin tumaki da na raƙuma, wata ƙungiya mai kare damisar ƙanƙara ta saya ta kai kasuwannin waje, a ƙarshen shekara a ba su ƙari a kan kuɗinsu muddin ba a kashe damisa a yankinsu ba. In kuwa mutum ɗaya ya kashe, duk jama'ar wurin sun rasa ƙarin. Hikimar da ke ciki ita ce an mai da kowane gida mai gadi, ba tare da an ɗauki kowa aikin gadi ba.

To, mu me muke da shi? Giwa da zaki sun riga sun bar yankinmu, amma ƙasar ba ta zama kango ba. Tafkin Ɗan Dutsi da ke yamma da Illela ta Nijar wajen Bagarwa, da na Tabalak a arewa, an shigar da su tun 2005 cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda dubban tsuntsayen da ke sauka a kansu, waɗansu daga Turai suke ƙetaro Sahara da hunturu. A madatsun Mozage da Zango na kwarin Maggiya, waɗanda ke shayar da gonakin rani na Ƙonni, akwai kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. Shamuwa na zuwa da albishirin damina. A fako akwai zomo da dila da zabin daji da kunkuru. Manoman Badagishiri da kewayen Illela kuwa sun riga sun nuna wa duniya cewa ana iya farfaɗo da matacciyar ƙasa, tun sa'ad da suka rungumi haƙa tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa, a ƙarshen shekarun 1980, kuma inda itace ya dawo tsuntsu da ƙananan namun daji suna biyo shi. A ɗaya gefen kuma akwai kasuwar da ke cin dajin a ɓoye, wato cinikin kawunan ungulu da sassan jikinta don tsibbu, wanda ke ƙetara iyaka zuwa kasuwannin Nijeriya, har ungulun nan da a da ba a rasa ta a kowace mahauta aka sa ta tun 2015 cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, duk da dokar farauta ta 1998.

Haja kuwa, Allah ya ba mu wadda sunanta ya riga ya yi tafiya. Albasar Galmi ta gundumar Malbaza ana neman ta da sunanta a Akara da Abijan da Kwatano, har an yi mata rajistar da ke kare sunan daga masu aronsa. Ga simintin Malbaza da ake gini da shi ko'ina a ƙasar. Na san abin da manomin albasa zai ce, kuma yana da gaskiya: shi da ke kallon rabin amfaninsa na ruɓewa a rudu, wato rumbun albasa, kafin farashi ya tashi, wanda dillali ke cika wa buhu har da hula, ga la'ada ga haraji ga shingayen hanya, ba shi ne za a ɗora wa ciyar da kirinjijiya ba, balle ma shi tsuntsun da ya fi sani jan-baki ne mai cinye masa dawa. Haka nan matar da ke tayin albasar dala biyar ba za ta ƙara dala don tausayin zalɓe ba. Ƙarin, in za a yi shi, daga can ƙarshen hanya ya kamata ya fito, wajen mai sayen da ke shiga babban kanti a Abijan ko Yamai ya ɗauki albasa a cikin raga mai tambari, ko kamfanin da ke sayar da siminti tan-tan, wanda sefa biyar a buhu ba za ta girgiza shi ba, ko hukumar ƙwallon ƙafa a kan kowace rigar Mena ta asali da ta sayar.

Wuyar aikin tana ga wanda zai riƙe kuɗin. In aka zuba su a babbar taskar Yamai sun shiga teku, in aka damƙa wa mutum ɗaya an jarrabe shi da abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne kwamitin wurin da kansa, a sa wakilin masunta da na masu lambu da na makiyaya, da mai gari da liman da ma'aikacin gandun daji, a rubuta kason a jikin buhu da lambobi manya, a kuma karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gidan rediyon gari sau biyu a shekara, bayan kwashe albasa da bayan girbin hatsi. Aikin farko a tafki kamar Ɗan Dutsi ba ya bukatar ƙwararre daga waje: a dasa itatuwa a tare ƙoramun da ke kwararo yashi suna cike tafkin, a keɓe wani lungu da ba a jefa taru ko harbi a lokacin ƙwai, a biya samari biyu ko uku na ƙauyen ladan tsaronsa da ƙidayar tsuntsaye a watan Janairu, lokacin da ake yin wannan ƙidaya a sauran tafkunan Afirka.